Musa ag Amastan, Sarkin Abzinawan Ahaggar Da Ya Gina Soro A Tamanrasat

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora kaya daga Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, ya bi ta Agadas da Arlit, ya tsallaka Asamaka ya shiga Ingizam, ya san akwai sauran tafiyar kilomita kusan 400 a gabansa kafin ya hango fitilun Tamanrasat. Ya kuma san irin masaukin da ke jiransa. Ba otal ba ne. Yawanci tsohon gidan ƙasa ne a unguwanni irin su Tahaggart ko Gat'al Wad, ɗakuna huɗu ko biyar kewaye da tsakar gida, inda 'yan gari ɗaya ke haɗuwa su kama haya tare. Ana karo-karon kuɗin haya da na wuta da na tukunyar gas, a damƙa wa wani dattijo ya riƙe, girki kuwa bi da bi. Idan bango ya tsage ko indararo ya toshe, sai an zauna an yi shawara kafin a taɓa, domin mai gida yakan ce gyara na masu zama ne, masu zama kuma su ce ai ba gadon ubansu ba ne. Wanda ya zauna a irin wannan gida ya san daɗinsa, ya kuma san rigimarsa.

To, a cikin unguwannin garin akwai wadda in Bahaushe ya ji sunanta sai ya waiwaya, wato Soro. Kalma ce da ba ya bukatar tafinta kafin ya gane ta. Da wannan suna ake kiran wani tsohon babban gidan ƙasa da unguwar da ta taso kewaye da shi, kuma mai gidan shi ne Musa ag Amastan, sarkin Abzinawan Ahaggar daga 1905 zuwa 1920. A zamaninsa ne Tamanrasat ta tashi daga 'yar ruga ta bukkoki ta fara zama gari. A zamaninsa ne kuma aka shata iyakar nan da muke shan wahalar tsallakawa yau. Shi ya sa na ga ya dace mu san ko shi wane ne.

An haifi Musa wajen shekarar 1867 a cikin dangin Kel Ghela, waɗanda su ne gidan sarautar Ahaggar, ƙasar duwatsun nan da Tamanrasat ke gindinta. Kalmar ag da ke cikin sunansa ɗa take nufi, Musa ɗan Amastan ke nan. Sarkinsu amanokal ake ce masa, alamar sarautarsa kuma wata babbar ganga ce da suke kira attabal, irin wadda mu muke ce wa tambari. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a wurinsu ta wajen uwa ake gadon tambari. Ɗan sarki ba ya hawa don kawai ubansa ya hau, sai in uwarsa ta fito daga tsatson da ke da haƙƙi. Hatta tantin fata da suke kwana a ciki na mace ne, ita take zuwa da shi gidan aure, in kuma aure ya mutu namiji ne ke neman inda zai raɓa.

Mutanen da Musa ya taso a cikinsu ba su san zaman gida ba, ba sa ma sonsa. Manyansu suna ganin kwana ƙarƙashin rufin ƙasa kamar ƙasƙanci ne. Dukiyarsu raƙumi, abincinsu nono da gero da dabino, abin alfaharinsu kuma hari. A ƙarƙashinsu akwai talakawa makiyaya awaki masu biyan gaisuwar shekara, irin su Dag Ghali da ke zaune a duwatsun arewacin Tamanrasat, sannan akwai bayi, waɗanda asalin da yawansu daga kudu aka kamo su ko aka sayo su, wato daga ƙasashenmu. Wannan gaskiya ce da bai kamata a tsallake ta ba. Noma kuwa ba aikinsu ba ne. Tun wajen 1860 aka fara kawo manoma daga Tidikalt da Tuwat, su haƙa magudanun ruwa a ƙarƙashin ƙasa su shuka alkama da gero a bakin kwaruruka, a bisa sharaɗin cewa manomi ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, mai ƙasa ya kwashe huɗu.

Musa ya rasa mahaifinsa tun yana ƙarami. Ya yi yawancin ƙuruciyarsa tsakanin Ahaggar da Adrar na Ifogas, a arewacin Mali ta yanzu, ya yi suna wajen hari da jarunta, ya kuma yi suna wajen waƙa. Yawancin waƙoƙinsa na samartaka a kan mace ɗaya suke, 'yar'uwarsa Dasin ult Ihemma, wadda ta shahara a duk Ahaggar saboda kyau da hankali da iya goga imzad. Imzad wani abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu, amma a wurinsu mata ne kawai ke kaɗa shi a dandalin dare da suke kira ahal. Musa ya so ta iyakar so, ita kuwa ta auri wani. Duk da haka zumuncinsu bai yanke ba, kuma bayan ya hau sarauta tana cikin waɗanda ake jin maganarsu a majalisa. Kiɗan imzad ɗin nan shi ne hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2013, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Mutumin da ya juya rayuwar Musa malami ne, Shehu Bay Alkunti, wanda ke zaune a Adrar. Shehu Bay jikan gidan Sidi Mukhtar Alkunti ne, babban shehin Ƙadiriyya da ya rasu a 1811, wanda malaman Sakkwato na zamanin Shehu Usmanu suke girmamawa ƙwarai. A hannunsa Musa ya tuba daga shagalin samartaka ya kama ibada. Shehu Bay mutum ne mai gudun duniya, bai yarda ya je wurin Nasara ba, amma kuma bai goyi bayan a yaƙe su da takobi alhali suna da bindigar da ba a iya tunkara ba. Wannan ra'ayi na malaminsa shi Musa ya riƙe har ya mutu.

Kafin nan, Abzinawan Ahaggar sun taɓa ba Faransa kashi. A watan Fabrairun 1881 suka hallaka ayarin Kanar Flatters, wanda aka aiko ya auna inda za a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Sahara. Wannan ya sa Faransawa suka yi kusan shekara 20 suna shakkar shiga duwatsun. Amma daga ƙarshen 1899 abubuwa suka canza. Ayarin Foureau da Lamy ya ratsa ya isa Agadas da Damagaram a wannan shekara, sannan Faransawa suka kama In Salah, kasuwar da mutanen Ahaggar ke sayen dabino da tufafi. Kowane ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan. In aka riƙe maka kasuwa ta arewa, aka kuma tsaya a kan hanyar gero ta kudu, to ko ba a harba maka harsashi ba an riga an shaƙe ka.

Ana cikin haka sarki Ahitaghel ya rasu a 1900, gidan sarauta ya rabu biyu tsakanin Attisi ag Amellal da Muhammad ag Urzig. Babu mai iya tsawata wa kowa, hare-hare suka yawaita. Ranar 7 ga Mayun 1902 wani hafsan Faransa, Laftanar Cottenest, da mayaƙa ɗari da 'yan kai, yawancinsu Larabawa da mutanen Tidikalt, suka gamu da rundunar Ahaggar a Tit, kilomita 40 arewa da Tamanrasat. Abzinawa suka zo da takubba da masu da tsofaffin bindigogi, suka yi ta kutsawa cikin ruwan harsashi. Kusan mutum ɗari suka kwanta a wurin, mafi yawansu Dag Ghali. A ƙasar da duka mayaƙanta ba su taka kara sun karya ba, wannan asara ce da ta shiga kusan kowane tanti.

Daga nan ne mutane suka fara komawa bayan Musa. A farkon 1904 ya hau raƙumi ya tafi In Salah, ya gana da Kyaftin Métois, aka yi sulhu, aka yafa masa alkyabba. Attisi bai yarda ba, ya yi gabas wajen Abzinawan Ajjar. A 1905 wani hafsa, Kyaftin Dinaux, ya tabbatar wa Musa da sarautar Ahaggar da sunan Faransa, tare da sharaɗin biyan haraji.

Mai karatu ɗan Najeriya zai tuna cewa shekara ɗaya kafin tafiyar Musa In Salah, irin wannan zaɓi ya faɗo wa Sakkwato. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari kuwa ya komo gari ya yi sulhu da Ingilishi don jama'a su samu su ci gaba da salla da noma. Har gobe ana muhawara a kan wanda ya fi daidai. Musa hanyar Waziri ya bi, kuma irin zargin da aka yi wa Waziri shi ma bai tsira daga gare shi ba.

A daidai wannan lokaci ne aka haifi iyakar da muke tsallakawa. Sojojin Faransa na Aljeriya da sojojin Faransa na Afirka ta Yamma sun yi karo da juna a rijiyar Timiyawin a 1904, kowane ɓangare yana cewa yankinsa ne, har abin ya kusa zama rikici tsakanin 'yan ƙasa ɗaya. Sai aka zauna a 1905 aka ja layi, aka sake gyara shi a yarjejeniyar Yamai ta 1909. Babu Ba'abzine ko Bahaushe ko ɗaya a wurin zaman. Wannan layi ne Aljeriya da Nijar suka gada, suka kuma sa hannu a kansa a 1983. Saboda haka duk wanda aka taɓa kamawa a Tamanrasat don ba shi da takarda, aka loda shi a mota aka sauke shi a hamadar Asamaka, to layin hafsoshin nan ne ya ci shi.

Mu komo kan garin. A watan Agustan 1905 wani baƙo ya sauka a Tamanrasat da izinin Musa. Sunansa Charles de Foucauld, ana furta shi Fuko, tsohon hafsan sojan doki ɗan gidan masu hali, wanda ya bar duniya ya zama malamin Kirista. Abin da ya tarar bukkoki ne na kara kamar 20 warwatse a bakin kwari, na manoman nan masu cin kashi ɗaya cikin biyar. Sai ya gina ɗaki na dutse da laka, tsawonsa mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba, rabi wurin ibada rabi wurin kwana da rubutu. Wannan siririn ɗaki, wanda daga baya aka ƙara masa tsawo, shi ake ɗauka a matsayin ginin farko na Tamanrasat, kuma yana nan har yanzu a cikin gari.

Zaman Musa da Fuko abin a tsaya a duba ne, domin kowannensu yana da abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa. Fuko yana fatan wata rana Abzinawa su karɓi addininsa, kuma yana rubuta wa hafsoshin Faransa labarin abin da ke gudana a ƙasar. Musa kuwa yana bukatar mutumin da Nasara ke jin maganarsa, wanda zai isar masa da kuka in an zalunci mutanensa. Amma kuma akwai amana ta gaske a tsakaninsu. Magatakardan Musa, Ba Hammu, mutumin Gat, shi ne ya yi shekaru yana zama da Fuko suna tattara kalmomin Tamahak, aikin da ya zama ƙamus mai juzu'i huɗu da aka buga a 1951 da 1952. Sun kuma rubuta baitocin waƙa kusan 6,000 daga bakin mutane, ciki har da na Musa kansa. Ba don wannan aiki ba da yawancinsu sun bi iska. A farkon 1908, lokacin da fari ya yi tsanani, Fuko ya kwanta ciwo har ya fid da rai. Maƙwabtansa Musulmi, waɗanda su ma yunwa ke cinsu, suka bi rugage suna neman akuyar da ke da sauran nono suna kawo masa har ya tashi. Shekara 11 ya yi a cikinsu, babu Ba'abzine ko ɗaya da ya bar Musulunci.

Shi Musa ma nasa shirin daban ne. A 1907 ya ɗaura niyyar gina masallaci da zawiyya a Tamanrasat, a tara zakka, a kawo malamai su koyar da Alƙur'ani da Larabci, domin a lokacin ilmin addini ya yi ƙaranci a Ahaggar. Wannan shiri ya tayar wa Fuko da hankali har ya rubuta wa shugabanninsa yana kokawa. A nan ne za a gane cewa Musa ba ɗan amshin shata ba ne. Ya karɓi alkyabbar Nasara, amma abin da yake son ginawa a ƙarƙashinta masarautar Musulunci ce mai gari da masallaci da alƙali, irin waɗanda ya sani a kudu.

A 1910 Faransawa suka kai shi ƙasarsu don ya ga ƙarfinsu da idonsa. Ya ga Paris, ya ga masana'antu da faretin soja, aka kuma kai shi gidan 'yar'uwar Fuko. A kan hanyarsa ta komowa ya rubuta wa abokin nasa wasiƙa daga birnin Aljas, yana mamakin yadda mutumin da danginsa ke da irin waɗannan gidaje da lambuna ya zaɓi zaman miskini a Tamanrasat. Gidajen ne suka tsaya masa a rai, ba igwa ba.

Shi kansa ya sa an buga tubali an gina masa gida a Tamanrasat, wasu daga cikin danginsa suka yi koyi da shi. Ga mutumin da kakanninsa ke ƙyamar rufin ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bai daina yawo da tanti ba, domin raƙuma ba sa cin laka, dole ya bi su inda ciyawa take. Amma daga ranar da sarki ya mallaki soro, an san inda za a same shi. Mai ƙara ya san inda zai kai ƙararsa, baƙo ya san inda zai sauka, fatake kuma suka samu inda za su sauke kaya su ajiye hatsi a bayan ƙofa mai kuba. Larabawan Tidikalt da 'yan Mizab suka fara buɗe kantuna. Ginin irin wanda muka sani ne, bango mai kauri na jar ƙasa, ƙananan tagogi, ɗakuna suna kallon tsakar gida. Tamanrasat tana kan tudu mai tsayin mita kusan 1,400, saboda haka sanyin hunturunta ba wasa ba ne, kuma wanda ya kwana a ɗakin bulo da kwano a watan Janairu ya kwana a na ƙasa ya san bambanci. Aibin ginin ƙasa ɗaya ne, yana son yaɓe. Ruwa ba ya yawan sauka a can, amma ranar da ya sauko daga duwatsu kwari ya cika, gidan da aka yi sakaci da shi narkewa yake kamar sukari.

Abin da ya riƙe wannan sabon gari da duk Ahaggar shi ne fatauci da ƙasar Hausa. Akwai wani fili mai gishiri a arewa maso gabashin duwatsun, ana ce masa Amadror. Abzinawa sukan sare gishirin su ɗora wa raƙuma, bayan damina ayari ya kama hanyar kudu har Damargu, a yi furfure da gero, a komo cikin hunturu. Tafiya ce ta watanni. Geron Damargu shi ne tuwon Ahaggar na shekara. Ban da gero, suna komowa da baƙin turkuɗi mai ƙyalli na marinar Kura ta ƙasar Kano, wanda babu babban mutum a cikinsu da zai fita taro ba tare da ya naɗa shi ba, har ma sunan da suke kiransa da shi, alasho, ba baƙo ba ne a kunnenmu. Sulhun da Musa ya yi shi ya bar wannan hanya a buɗe. A ganina duk wanda zai yi masa hukunci ya fara sa wannan a kan sikeli.

Sai dai jarrabawa mafi girma tana gaba. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Faransa ta janye ƙarfinta zuwa Turai, 'yan Sanusiyya kuma suka kori Italiya daga Fezzan suka samu bindigogi na zamani da igwa. A watan Maris na 1916 suka kama Janet. A yamma kuma Firhun, sarkin Iwillimmidan, ya tsere daga tsarewar da aka yi masa a Gawo ya ɗaga tuta. An karya shi a Andarambukan a watan Mayu, a watan Yuni kuma aka kashe shi, kuma waɗanda suka kashe shi mutanen Ahaggar ne masu taimakon Faransa. Abzinawan Mali da Nijar ba su manta da wannan ba.

Ganin haka Fuko ya gina wata 'yar ganuwa a Tamanrasat, mai kusurwa huɗu da dogayen katangu da ƙofa ɗaya ƙarama, da rijiya a tsakar gida da ɗakuna da rumbun ajiya. Nufinsa in hari ya zo, talakawan garin su shige su zauna tare har ƙura ta lafa. Za a iya cewa shi ne gidan haɗaka na farko a garin. Ya tare a cikinsa a watan Yunin 1916, aka kuma ajiye bindigogi da harsasai a wurin, abin da ya jawo masa ido. Ranar 1 ga Disamba da magariba wasu mahara suka zo, suka sa wani mutum da ya saba da shi ya kira shi a bakin ƙofa kamar an kawo wasiƙa. Da ya miƙo hannu suka fizgo shi suka ɗaure, suka bar wani yaro ɗan shekara 15 yana gadinsa suna kwasar kaya. Sai ga sojoji biyu a kan raƙuma sun ɓullo, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Musa ba ya gari a lokacin. Da labari ya same shi ya rubuta wa 'yar'uwar mamacin ta'aziyya, ya kuma yi alkawarin bin sawun waɗanda suka yi kisan. Ganuwar tana nan tsaye a tsakiyar Tamanrasat. Cocin Katolika kuma ta sanya Fuko cikin waliyyanta a watan Mayun 2022.

Ba a daɗe da kisan ba, Kawusan, Ba'abzinen Ikazkazan haifaffen Damargu, ya iso Agadas da rundunarsa, Sarkin Agadas Tagama ya mara masa baya, suka yi wa barikin Faransa ƙawanya har zuwa 3 ga Maris na 1917, ranar da dakaru daga Damagaram suka iso. Abin da sojojin Faransa suka yi a Agadas bayan nan, musamman kisan malaman da suka taru suna neman aminci, tabo ne da har yau ake ambato a garin. A Ahaggar ma Dag Ghali da wasu dangogi sun yi tawaye, suka yi wa sojojin Faransa kwanton ɓauna a dutsen Ilaman a watan Afrilun 1917.

Ina Musa yake a duk wannan? Yana kudu da raƙumansa, kusa da wutar. Ɓangarorin biyu kowa na jansa, har Faransawa kansu suka yi watanni suna zarginsa. A ƙarshe ya tsaya inda ya tsaya tun 1904. Ya lallashi Dag Ghali suka ajiye makami, sannan ya ɗauki mayaƙansa ya shiga Azbin, suka taya Faransa korar mutanen Kawusan a 1918. Kawusan ya koma Fezzan, aka kashe shi a Murzuk a watan Janairun 1919. Tagama kuma ya mutu a kurkukun Faransawa a Agadas a 1920.

A nan ne nake ganin ba za a iya wanke Musa tas ba. Sulhu don ceton jama'arka abu ne da ake iya fahimta, amma ɗaukar bindiga a bi ɗan'uwa Musulmi har cikin duwatsunsa wani abu ne daban. Azbin ta zama kufai a waɗannan shekaru, aka kwashe dabbobinta, aka kora mutanenta kudu. Ahaggar kuwa ta fita da riba, domin daga wannan lokaci ne mutanenta suka samu damar kiwo a filayen Tamasna da ke cikin Nijar ta yau, inda raƙumansu suka yi ta yaɗuwa, ayarin gishiri kuma ya ƙara girma. Shi ya sa in ka ambaci sunansa a Tamanrasat za ka ji uban gari, mai hangen nesa, in ka ambace shi a Agadas ko Manaka kuwa wani zai yi shiru ya kau da kai. Dukansu suna da hujja.

Bai daɗe yana cin ribar ba. A watan Fabrairun 1920 Janar Laperrine, wanda ya kafa rundunar raƙuma ta Sahara kuma suka daɗe tare da Musa, ya tashi daga Tamanrasat a jirgin sama zai ratsa hamada, jirgin ya ɓata ya faɗi, ya mutu ranar 5 ga Maris. Aka kawo gawarsa Tamanrasat, kuma da sunansa Turawa suka riƙa kiran garin har Aljeriya ta samu 'yanci a 1962. Musa ya bi bayansa a ƙarshen Disamba na wannan shekara ta 1920, bayan rashin lafiya, yana da shekara 53 ko kusa da haka. An binne shi a gefen garin. Allah ya jiƙan Musulmi. Tambarin ya koma hannun Akhamuk ag Ihemma, ɗan'uwan Dasin, wanda ya riƙe shi har 1941, ɗansa Bay ag Akhamuk kuma shi ne ke kai lokacin da Faransa ta tafi.

Ayarin gishiri ya mutu a hankali bayan 'yancin kai, takardun iyaka da fari da manyan motoci suka taru suka kashe shi, ko da yake cinikin furfure bai mutu ba, shi ne har yau ake yi a kasuwar Asihar, dabino da gishiri su yi kudu, dabbobi da kayan yaji su yi arewa. Garin ya zama hedikwatar jiha a 1974, kwalta ta iso shi daga arewa a 1978, ƙidayar 2008 ta samu mutum sama da dubu 90 a inda Fuko ya tarar da bukkoki 20. Rijiyoyin kwari suka kasa, aka yi shekaru ana sayen ruwa a tanka, har sai da aka jawo bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750, aka buɗe shi a 2011. Gidajen siminti na gwamnati sun kewaye tsofaffin unguwanni ta kowane gefe, masu hali sun koma can, sun bar na ƙasa ga 'yan haya. Soron Musa kuwa, wanda duk ya samu sarari bayan ya sallami kayansa, ya tambayi kowane direban tasi a garin zai kai shi.